Na rama a kan mijin yayata, aurenta ne ya mutu

Assalamu alaikum. Ni na kashe auren yayata. Shekara talatin da ɗaya tana ɗakinta, yau tana gidana tana idda, kuma ba ta san ni ba ne.

Mai wannan shafi, ina gaisuwa, da ku masu karantawa. A ɓoye sunana. Sunayen da zan kira ma ba na gaskiya ba ne. Ban yi boko ba, da baki nake faɗa a waya, ku mayar da shi rubutu yadda na faɗa. Wanda zai zage ni ya bari ya ji ƙarshe tukuna. In ya ji ya ga zagin ya dace, ya yi, amma ya haɗa da shawara.

A da haƙar rijiya nake yi. Ƙauyenmu yana wajen Watari. Shekara tara ke nan da rijiya ta rufta da mu, mu uku. Biyu sun mutu a ciki. Ni aka tono bayan la'asar, ƙuguna a karye. Wata bakwai ina kwance. Matata ta yi wata biyu ta gaji ta tafi, ban ga laifinta ba. Yaya Hanne ce ta yi jinyata. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni ne autanmu, ita ta goya ni. Kullum sai ta taso daga gidan mijinta ta zo ta juya ni, ta wanke ni, ta kwashe abin da na yi a kwance, ba ta taɓa ɓata fuska ba. Ku riƙe wannan, don ku san wadda na cuta.

Da na tashi, ba shiga rami, ba riƙe fartanya. Abin da ya rage mini shi ne rabona na gonar mahaifinmu, a bakin hanyar da ke zuwa dam. Da rani masu sayen tumatir da tattasai da albasa suna zuwa daga Kudu da cikin birni, wasu su kwana cikin mota, wasu su koma Kano su dawo da safe. Akwai kuma iyayen da ke zuwa duba 'ya'yansu a makarantar Dawakin Tofa. Na ce zan yi ɗakin saukar baƙi. A zaune na buga bulon da hannuna. Shekara uku ina yi. Ɗaki biyu, kowanne da banɗakinsa, da sola, da fanka, da katifa sabuwa. Ƙofa na yi mata shuɗin fenti, ga mangwaro a gabanta. Yaya Hanne ta ɗinka labule ta kawo.

Mijinta shi ne Malam Sabo. Tsohon malamin gona ne, ya yi ritaya, yana sa tabarau, in liman ba ya nan shi ke jan salla. Tsakanina da shi akwai wasa, irin na mijin yaya da ƙanin mata. Tun ina yaro yake tsokanata. Ni ba mai wasa ba ne, amma ina ƙyale shi saboda ita.

Ranar da na gama, ya zo ya zaga ya ce, "Auta, ka yi ƙoƙari. To ta ina baƙin za su sani?"

Na ce zan kafa allo a bakin hanya.

Ya yi dariya. "Allo! Yanzu baƙo tun yana garinsu yake zaɓar ɗaki a waya. Zauna in nuna maka."

Muka zauna gindin mangwaro ya nuna mini wuri huɗu a intanet. Na farko ya ce na Turawa ne, da Turanci ake komai, baƙo in ya kwana yakan rubuta yadda ya ga gida kowa ya karanta, manyan mutane nan suke dubawa. Na biyu ya ce kasuwa ce ta komai da komai, firji, akuya, babur, fili. "In na sa ka nan, yini za a yi ana taya ɗakinka kamar tunkiya, ba mai zuwa." Na uku zaure ne na 'yan kasuwar kayan gwari, inda suke sanar da juna farashi da masauki. Na huɗu ya buɗe ya rufe da sauri yana dariya. "Wannan ko da wasa kada ka kusance shi. Na masu neman ɗakin awa ɗaya ne, a zo da mace a tafi. In gidanka ya shiga nan, ka gama zama a garin nan."

Na ce, "Ni dai ka sa ni inda mutanen kirki suke."

Ya ce na farko da na uku. Ya ɗauki hoton ƙofa, da ɗakuna, da mangwaro. Ya ce lambarsa zai sa saboda masu kira da Turanci, sauran aikin kuma sai ya koma gida, can sabis ya fi ƙarfi. Na yi godiya. Har zabo na aika masa.

Rani ya zo ya wuce, ko mutum ɗaya bai ƙwanƙwasa ƙofata ba. Kullum da safe in share, in kaɗe katifa, in cika randa, in zauna ina kallon hanya. Motoci su wuce. In na tambaye shi ya ce, "Intanet sai haƙuri, Auta." A wannan lokacin ya gyara ɗakunan da yake ajiye taki a gefen zaurensa, can ɗaya ƙarshen gari, na riƙa jin ana cewa motoci na kwana a ƙofarsa. Na tambaya, ya ce tsofaffin abokan aikinsa ne. Na yarda. Me zai sa in ƙi yarda da mijin yayata?

A rani na biyu motar wani Bayarabe mai sayen tattasai ta yi zafi daidai ƙofata, ya tsaya neman ruwa. Yana jin Hausa. Ina zuba masa sai na ga ya tsaya yana kallon ƙofa, ya kalli mangwaro, ya ciro waya.

"Baba, ai wannan gidan na kama bara!"

Na ce, "Ba ka taɓa kwana nan ba."

"Shi ne abin. Duba." Ya nuna mini. Ƙofata ce, labulen Yaya Hanne ne. Ya matsa ƙasa ya nuna mini taswira da wani jan ɗigo a kai. Ya ce shi ɗigon nan shi ke jan baƙo har ƙofa, shi kuwa wani gida can ya kai shi, wani dattijo mai tabarau ya fito ya ce wancan na hoton ana gyara, ga wani. Ɗakin warin taki yake yi.

Na ce, "Sunan wa ke jiki?"

Ya karanta. Sunana ne, har da na mahaifina. Na ce ya karanta mini abin da baƙin suka rubuta. Ya ƙi. Na ce sai ya karanta. Ya ce sun rubuta mai gidan maƙaryaci ne, hoto daban gida daban, kada a yarda da shi. Mutanen da ban taɓa gani ba, a garuruwan da ban taɓa zuwa ba, suna kiran sunan ubana da maƙaryaci.

Ban je wurinsa ba. Wurin mai unguwa na kai ƙara. Aka tara mu a ƙofar gidansa, dattawa sun kai goma. Na faɗi tawa a taƙaice. Malam Sabo ya cire tabarau ya goge.

"Ranka ya daɗe, a tsakar gidana na tsaya na danna, waya ta ɗauki inda nake. To baƙo ya taso daga Ikko ya zo ƙofata a gajiye, in kore shi? Kuma don Allah ku duba wanda ya kawo ni ƙara. Ƙanin matata! Tun yana yawo ba wando nake cin tuwonsa ina bar masa kwano. In ban yi wa Auta wasa ba, wa zan yi wa?"

Aka fashe da dariya. Wani tsoho har yana share hawaye. Mai unguwa ya ce, "Kai ma ka san ba a kawo ƙarar abokin wasa. In ya yi maka, ka rama, haka muka taso muka gani."

Malam Sabo ya ce, "Ya rama? Wannan da ko lambar wayarsa sai an karanta masa?"

Aka sake dariya. Rani biyu na rayuwata, da ƙugun da na zauna a kansa ina buga bulo, aka mayar da su wasa. Na ɗauki sandata na tafi. Na taɓa kwanciya ƙarƙashin ƙasa ina jin numfashin abokina yana yankewa, amma ban ji abin da na ji a hanyar nan ba.

Yaya Hanne ba ta san abin da yake yi ba sai ranar. Ta tare shi a tsakar gida, maƙwabta duk sun ji. Ta ce, "Wallahi Malam, yadda ka kunyata shi, sai an kunyata ka a ƙofar nan taka!" Magana ce ta fushi. Da ta san abin da za ta jawo mata, da ta haɗiye ta.

Na shiga mota na tafi Bacirawa, inda ba wanda ya san ni. Na sami wani mai gyaran waya, magidanci, na sayi tsohuwar babbar waya da sabon layi. Sau uku ina komawa yana koya mini abu biyu kawai: yadda ake ɗaukar hoto, da yadda ake dasa jan ɗigo. Ya ce, "Inda ka tsaya ka danna, nan za ta kai mutane." Na ce ya buɗe mini shafin nan na huɗu. Ya ɗago ya dube ni.

"Baba, ka san ko wane irin wuri ne wannan?"

Na ce, "Na sani."

Ya cike komai, ya bar mini hoto da ɗigo.

Da hantsi na je gidan, lokacin da na san Malam yana lambu. Yaya Hanne tana matsar man gyaɗa, shi ne sana'arta. Ta ce, "Auta, ka rame. Zauna in dama maka fura." Ta shiga madafa. Ɗakunan baƙinsa a kulle suke, nata ne a buɗe. Na tsaya a bakin ƙofarta na ɗauki gadon, sau uku. Na danna ɗigon a nan inda nake tsaye. Ta fito da fura na sha, na ce ta yi daɗi. Wallahi a lokacin ban yi tunanin komai ba sai cewa ana bukatar hoton gado, ga gado. Ban duba abin da ke bayan gadon ba. Shi kaɗai nake gani a idona.

Kwana huɗu aka fara kira. Ba na cewa komai sai, "Bi wayarka, za ta kai ka. Ka tambayi Malam." Na farko ranar Juma'a ya zo, daidai lokacin da mutane ke wucewa masallaci. Mota mai baƙin gilashi ta tsaya a ƙofar gidan, wani ya fito ya leƙa zaure yana ɗaga murya, "Ina Malam mai ɗaki? Awa biyu kawai muke so!" Ga mace a gaban mota ba mayafi tana taunar cingam. Malam ya fito da babbar riga da carbi a hannu. Ina tsaye a tsallake.

Na ji daɗi. Ba zan yi muku ƙarya ba. Tun da aka tono ni daga rami ban ci abinci ya zauna mini kamar na ranar ba.

Cikin mako biyu suka riƙa zuwa, wasu a mota, wasu a babur, rana tsaka. Baƙinsa na kirki suka kwashe kayansu. Samari suka jefi wata mota. Liman ya aika masa ya dakata da jan salla. A masallaci ya koma sahun baya, in ya yi sallama ana amsawa ciki-ciki. Duk wanda ya kira na amsa, na kuma tura shi. Na ce a raina, yi dariya mana, Malam, ba wasa ba ne?

Sai samari suka tare wani daga cikin masu zuwan, suka kai shi gaban mai unguwa, ya buɗe waya ya nuna abin da ya kawo shi. Aka kira Malam. Ina wurin, a baya. Wayar ta zaga hannu zuwa hannu ta zo gare shi. Gadonta ne. A bayansa ga kabad ɗinta da kwanukanta, ga agogon bango mai hoton bikin 'yarsu. Duk matar da ta taɓa shiga gidan ta san ɗakin.

Ya ce, "Wanda ya ɗauki wannan a cikin gidana yake." Yaya Hanne tana da babbar waya, 'yarta ta aiko mata daga Kaduna, da ita take tallar mai. Ga kuma rantsuwar da kowa ya ji ta yi.

Wani dattijo ya ce, "Malam, a bi a hankali. Ko dai Auta ne? Shi ma yana shiga gidan."

Na ce a raina yau ta ƙare. Malam ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Auta? Bai san gaban waya da bayanta ba. Ku bar gurgu ya ji da ƙugunsa."

A nan ya nemi takarda da biro. Saki ɗaya. Ina tsaye ina kallo yana rubutawa, bakina a rufe. Me ya hana ni magana? Na tambayi kaina wannan fiye da sau ɗari. Tsoro ne? Na san tsoro, ba shi ba ne. Kalmar nan ce, gurgu. Na ce a raina in na buɗe baki yanzu na wanke shi. Na bar shi ya rubuta.

Kafin la'asar sai ga Yaya Hanne da jaka ɗaya da buta. Liman ya ce ta zauna ɗakinta ta yi idda, Malam ya ce ba zai iya ganinta ba, ita ma ta ce ba ta kwana inda aka yi mata wannan zato. Ta tsaya a gindin mangwaro ta ce, "Auta, buɗe mini ɗaki ɗaya. Yau dai ka yi baƙuwa."

Ita ce mutum na farko da ya kwana a ɗakunan nan.

Wata biyu da rabi ke nan. Mata sun daina sayen manta. Surukan 'yarta sun bugo waya suna tambayar ko gaskiya ne. Ba ta fita ko suna ko gaisuwar mutuwa. Ita ke dafa mini abinci, ita ke gasa mini ƙugu da ruwan zafi in ya motsa. Bayan kowace salla takan ɗaga hannu da ƙarfi yadda zan ji: "Ya Allah, wanda ya shiga ɗakina ya yi mini wannan, ban yafe ba. Ka tona shi tun a duniya." Sai ta leƙo ta ce, "Auta, ba ka ce amin ba."

In ce amin.

Rannan tana tsince shinkafa ta ce, "Ka san abin da ya fi ci mini rai? Ba takardar ba. Shekara talatin da ɗaya, Malam bai san abin da zan iya da wanda ba zan iya ba." Na ce to ta manta da shi, ga ɗaki, ta zauna har mutuwa ta raba. Ta girgiza kai. "Kai ba za ka gane ba. Can na haihu, can na binne biyu. Jikokina in sun zo hutu ina za su same ni? Ni ɗakina nake so." Duk wanda ya yi sallama sai ta gyara ɗaurin kallabi, ta ɗauka aike ne daga can.

Makon jiya liman ya zo da kansa. Ya ce ya yi ta fama da Malam, abin da ya samu shi ne: in aka gano ba ita ba ce kafin idda ta cika, zai mayar da ita ya ba ta haƙuri a gaban jama'a. In ta cika ba a gano ba, ya rantse ba zai sake ɗaura aure da ita ba. Ta wuce shekarun al'ada, iddarta wata uku ce. Liman ya dube ni ya ce, "Kai da kake zaune a bakin hanya, ka sa kunne, ko Allah zai sa ka ji wani abu." Na ce to.

Ga gaskiyar da ta sa na turo muku. Zuciyata ba ta huce ba. Har yau bai cire sunana daga shafin Turawan ba, har yau ana karanta maƙaryaci a jikin sunan ubana, har yau bai ce mini yi haƙuri ba. In na fito na ce ni ne, an wanke shi tas. Ya koma sahun gaba, ya koma jan salla, a manta da rani biyun da ya ci, ni in zama ɗan iskan da ya sa gadon yayarsa a shafin karuwai. Ba zaman garin nake tsoro ba, na iya zama ni kaɗai. Ganin ya ci nasara ne ba na so. Tallar ma ban sauke ta ba. Wayar tana cikin buhun gero. Shekaranjiya na kunna, kira ya shigo, sai da na danne hannuna da ɗayan kafin na kashe.

In na sauke tallar shiru, ba ta wanke ta ba. In na faɗa mata ita kaɗai, na san Yaya Hanne, za ta rufa mini asiri ta bar auren ya tafi, ta zauna tana kallona har ta mutu. In na faɗa a gaban mai unguwa, ta koma ɗakinta, amma da wane ido za ta sake kallona? Matar da ta kwashe ƙazantata wata bakwai? Akwai hanyar da za a wanke ta ba tare da an wanke shi ba? Na juya ta ko'ina ban samu ba. Ku da kuka yi karatu ko kun san wata.

Kada wanda ya ce mini in yafe masa. Ban yafe ba, ba kuma shi na zo tambaya ba.

Yanzu haka ina bayan gida, cikin kara, inda ba za ta ji muryata ba. Tana ciki tana tuƙa tuwo, ta kira ni sau biyu. Saura kwana goma sha biyu iddarta ta cika.

Me zan yi?